Kwanso Hamsin na Baba Hassoumi

Asabar, 4 ga Fabrairu, 1978. Gonar Hajj Miftah, Wadi Bawanis

Yau Hajj Miftah ya cire ni daga ban-ruwa. Ina tsaye cikin taɓo har ƙauri ya tsayar da motarsa ya yafito ni, ya ce daga gobe zan zauna wurin Baba Hassoumi in koyi ɗurin harsashi. Wai ni ne na yi lakkwal, makarantar boko, zan iya karanta abin da ke jikin kwali. Na ce to. Shekara shida ina goge benci a Mirriah don in zama komi, yau ga amfanin karatun ya fito, karanta gwangwanin albarushi.

Da farko har daɗi na ji, don ƙafafuna duk sun tsattsage da ruwan sanyin nan. Rabe ne ya ɓata mini. Rabe direban tarakta, Bakano, bakinsa ba linzami. Muna cin makaroni ya ce, "Kai bawana, ka san ranar da ka iya, ranar tsohon zai hau mota?" Na ce ya rufe mini baki. Ya ce da kunnensa ya ji Hajj yana faɗa wa ɗansa idon Baba ya tafi, kuma iƙamarsa, takardar zama, za ta ƙare bayan girbin alkama. Ba a sabunta wa wanda ba ya aiki.

Na ture kwanon na tashi.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Ranar farko. Ɗakin ɗuri yana bayan ɗakin injin ruwa, taga ɗaya gabas, tebur ɗaya, warin mai da ƙarfe. Hajj yana da bindigogi uku masu baki biyu, kuma harsashi wuyar samu yake a shagunan Sabha, shi ya sa ya sayo kayan ɗuri daga Tarabulus. Da su Baba yake korar tsuntsaye daga alkama da diloli daga garken tumaki, da su kuma Salem ɗan Hajj yake farauta in ya zo hutu daga kamfanin mai.

Baba ya shimfiɗa tsumma ya jera abubuwa biyar. Kowanne sai ya sa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai kafin ya faɗi sunansa.

Kwanso: jan bututun takarda mai gindin tagulla, wanda aka riga aka harba.
Cibiya: ɗan ƙaramin ƙarfen da ke tsakiyar gindi, shi ke ba da wuta. Hajj yana ce masa kabsula. A kwali an rubuta amorce.
Albarushi: Hajj yana cewa barud.
Matoshi: abu mai laushi kamar guntun bargo, yana raba albarushi da dalma.
Tsaba: ƙwayoyin dalma. Hajj yana cewa rash.

Na fara karanta masa na jikin kwali don in nuna ni ma na san wani abu. Ya ce, "Djibo, riƙe nawa don aiki, riƙe na Hajj don in ya tambaye ka. Na Nasara bar mishi abinshi ga kwali."

Shi ma ya san abin da Rabe ya sani? Ban ga alama a fuskarsa ba. Murna ma yake ya samu wanda zai yi wa surutu.

Talata, 7 ga Fabrairu

Sanyi. Ruwan alwala kamar reza. Ba wasiƙa daga Koubra matata, wata na uku ke nan.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na yanke shawara: ba zan iya ba. Zan zama daƙiƙi har Hajj ya gaji ya mayar da ni taɓona.

In rubuta dalili don kada wata rana in manta. Shekara biyu da suka wuce na sauka Sabha ban san kowa ba. Kwana tara ina tsayuwa bakin titi tare da masu jiran aikin yini, ba wanda ya ɗauke ni, ga zazzaɓi. Ranar Juma'a wani tsoho ya tarar da ni kwance a gindin katangar masallaci. Bai tambaye ni ɗan wa ne ba, ya dai ji na yi nishi da Hausa. Ya sa aka ɗora ni bayan motar gona, ya ba ni tabarmarsa sati biyu shi yana kwana kan buhu, ya tsaya mini wurin Hajj. Shi ne Baba Hassoumi. Shi mutumin Adar, ni na Damagaram, ko kare bai haɗa mu ba.

Shi ne yanzu aka ce in ci gurbinsa.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Daƙiƙanci ma aiki ne. Ya ce miƙo matoshi, na miƙa tsaba. Ya ce cire tsohuwar cibiya, na yi ta lalube kamar mai neman allura. Na zubar da dalma a ƙasa da gangan, muka yi rabin yini muna tsinta, ni da ido shi da tafin hannu, kuma ya fi ni tsintowa. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ma shekara ya yi yana riƙe wa ubansa jaka kafin a bar shi ya taɓa bindigar toka.

Rabe ya leƙo ta taga ya ce dama an ce Damagarawa sai an buga musu ganga suke gane karatu. Na jefe shi da kwanso.

Abin haushin, kaina ya riga ya ɗauka. Ina ban tumaki ruwa na ji bakina yana jerawa shi kaɗai: cibiya, albarushi, matoshi, tsaba, rufi.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Mun shiga Sabha sallar Juma'a. Garin kullum sai ka ga sabon bene inda watan jiya rairayi ne, siminti ko'ina, motoci sabbi kamar an zubo su daga buhu. A tashar manyan motoci mun ga 'yan gida ana yi musu lodi, katifu, rediyo, keken ɗinki, barguna, an ɗaure har sama. Baba ya ce in faɗa masa abin da ke kan motar. Na yi ta lissafa masa yana gyaɗa kai.

Da za mu tsallaka titi ya kama gwiwar hannuna. Bai taɓa yi ba. Da muka tsallaka ya sake ni da sauri ya shiga gyaran rawani.

A hanyar komawa na tambaye shi gida. Ya ce garinsu arewa da Tawa ne, amma shekarar fari mutane suka watse, yanzu ko rijiyar ta rufta. Matarsa ta rasu yana nan. 'Yarsa ɗaya, Safoura, labarin ƙarshe da ya samu ita da mijinta sun yi kudu, wajen Konni ko gaba. Shekara huɗu ke nan. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin wani.

To in an sa shi a mota, ina za a ce wa direba ya sauke shi?

Laraba, 22 ga Fabrairu

Yau na ga abin da ban so gani ba.

An kai ni mataki na duba. Ana jera kwansuna tsaye a kan allo mai ramuka, a bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ma'aunin tagulla ana zuba albarushi. In an gama sai a ɗauki allon a kai taga, a karkata shi ga haske, a leƙa cikin kowanne a tabbata zubin ya zo daidai. Baba da kansa ya ce duk aikin nan ana iya yinsa da hannu ban da wannan. Albarushin nan na Turawa kaɗan ake sawa, ko an ninka shi matoshi yana shanye bambancin, yatsa ba ya ji. In an ninka, bindiga na iya fashewa a hannun mutum. In an tsallake ɗaya, matoshi ya maƙale cikin bututu, harbi na gaba shi ne zai fasa ta.

Ya zuba. Rabe ya wuce da tarakta ya yi masa sallama, Baba ya ɗaga kai ya amsa, ya koma. Ya kai allon taga, ya karkata, ya bi layi da ido a hankali, ya ce alhamdu lillahi, duka daidai.

Ina tsaye bayansa. Na huɗu a layi na biyu zubi biyu ne. Na biyar ba komai a ciki.

Da ya juya neman jakar matoshi na gyara su.

Alhamis, 23 ga Fabrairu

Tun yaushe yake kai allon taga yana duba abin da ba ya gani?

Talata, 28 ga Fabrairu

Dabarata ta rushe. Daƙiƙi ba ya duba aikin malaminsa, ni kuwa yanzu kowane allo sai na bi shi da ido ta bayan kafaɗarsa. Sau biyu a satin nan na gyara.

Yana da wata al'ada da na ɗauka ado ce. Duk ɗurin da ya gama, sai ya ɗauki harsashi ɗaya daga ciki, ya yi bisimilla, ya fita bayan dabinai ya harba sama kafin ya miƙa wa kowa. Ya ce haka maharban garinsu suke, wanda ya ɗura shi ke harbawa, ba a miƙa wa mutum bindigar da wani ya ɗura. In ɗurinka ya ɓaci, fuskarka ce za ta biya.

A bindigar toka gaskiya ne, ɗuri ɗaya harbi ɗaya mutum ɗaya. Amma nan ɗuri hamsin ne, kowanne da cikinsa. Ya harba ɗaya lafiya, sauran arba'in da tara suna tafiya hannun wani. Na buɗe baki zan faɗa, na rufe. Wa ya aike ni in gyara wa maharbin Adar al'adar ubansa?

Kuma ya gano ni. Ina dasa cibiyoyi na manta da kaina, na yi sauri. Ya ce, "Djibo, bakinka na ƙarya, hannunka ba shi ƙarya. Ina jin shi." Na ce dace ne kawai. Ya yi dariya har da tari.

Lahadi, 5 ga Maris

Hajj ya tambaye ni inda na kai. Na sosa ƙeya na ce kaina da tauri. Ya dube ni ya ce ba komai, in na kasa nan da girbi akwai wani Bamisire a Samnu da ya taɓa aikin soja, zai kawo shi.

Ke nan in na iya, Baba ya tafi. In na kasa, Baba ya tafi, wani baƙo ya zauna a kujerarsa. Wata guda ina wahalar da kaina da wasan yara.

Na gaji. Ko sallar la'asar sai da Rabe ya tuna mini.

Asabar, 11 ga Maris

Na gwada faɗa masa. Na bi ta nesa, na ce Baba me zai hana ka bar mini duba, ni ma in saba, kai ka riƙe sauran. Ya ajiye ma'auni. Ya ce duba na mai ɗuri ne, ranar da ya ba wani ya duba masa, ranar ya tashi daga mai ɗuri ya koma mai riƙe jaka. Na ce ai hasken tagar ne ba shi da kyau. Ya ce shekara tara tagar nan take nan.

"Mi ka gani?" ya ce. Sau biyu ya tambaya.

Na ce ban ga komai ba. Allah ya yafe mini, matsoraci ne ni.

Tsuntsaye sun fara sauka kan alkama, garke-garke. Baba yana fita da safe ya harba inda ya ji kukansu, suna tashi. Wannan kam kunne ya isa.

Laraba, 22 ga Maris

Kwana uku ina Samnu, Hajj ya tura ni da Rabe taya ƙaninsa sauke injin rijiya. Na dawo da la'asar na tarar da teburin a share, allon a jingine.

Salem zai zo gobe da abokansa biyu, za su fita farautar kurciya ranar Juma'a. Hajj ya ce a ɗura hamsin. Baba ya ɗura su shi kaɗai, ya rufe bakinsu, an kai akwatin gidan Hajj an kulle. Yana ba ni labari yana jin daɗi, wai rabon da hannunsa ya yi gudu haka tun bara.

Na fita bayan ɗakin inji na zauna a ƙasa.

Alhamis, 23 ga Maris

Yini guda ina juya abu ɗaya. Wataƙila duka lafiya suke. Cikin allo biyar da na duba masa, biyu ba kuskure ko ɗaya. Wataƙila wannan ma haka.

Salem ya iso da azahar, ya kawo mana lemun gwangwani, ya tsuguna ya gaishe da Baba, yana ce masa ammi, wato baffa. Baba ne ya koya masa riƙon bindiga yana saurayi. Matar Salem tana da ciki. Ina kallon hannunsa na dama yana buɗe gwangwani, na kasa shan nawa.

Na faɗa wa Rabe. Ya ce in na yi shiru aka samu matsala, 'yan sanda ba Baba kaɗai za su ɗauka ba, duk baƙin da ke gonar nan za a kwashe. Na ce ba wannan ya dame ni ba. Ya ce ya sani, amma in haɗa da shi.

Ba hanyar isa ga akwatin. Ko na isa, ba a ganin cikin harsashin da aka rufe sai an yanka shi.

Juma'a, 24 ga Maris

An gama. Ni na gama da shi.

Da hantsi aka fito da akwatin gaban gida, motoci biyu suna jira. Hajj, Salem, baƙi biyu da farin kaya. Baba ya zo zai yi al'adarsa. Ya laluba ya ɗauki ɗaya, ya karya bindiga, ya sa, ya yi bisimilla.

Na riƙe bakin bindigar na danna ƙasa. Na ce, "Baba, kada ka harba."

Bai ja ba. Ya tsaya kawai. Hajj ya tambaya me ke faruwa, ni kuma da na yi sati bakwai ina sosa ƙeya, sai ga Larabci yana zuba daga bakina, kabsula, barud, rash, komai a wurinsa, na bayyana masa abin da ninki yake yi da abin da tsallake yake yi. Na ga lokacin da ya gane tun tuni na iya. Ya ce a kawo tabarma da wuƙa.

Na yanka su ɗaya bayan ɗaya ina juye albarushin kowanne a kan takarda, tsibi-tsibi. Goma sha ɗaya na farko daidai. Wallahi har na fara addu'a in zama maƙaryaci, a kore ni, a zage ni. Na goma sha biyu tsibinsa ya ninka na sauran. Na goma sha uku ba ko ƙwaya. Cikin hamsin, uku ninki, uku fanko. Wanda ya sa a bindiga lafiyayye ne. Da na bar shi ya harba, da ya miƙa musu akwatin da hannu biyu.

Ɗaya daga baƙin ya koma mota. Baba ya ce in kai hannunsa. Na kama yatsansa na ɗora kan tsibi na daidai, na ɗora kan na ninki. Ya daɗe yana shafawa.

Ya ce, "Haka na." Ya miƙe ya karkaɗe riga ya nufi ɗakinsa yana bin katanga da hannu. A gaban mutane bai taɓa bin katanga ba.

Salem ya rungume ni yana godiya. Na so in ture shi.

Lahadi, 26 ga Maris

Na kai wa Baba shayi ya karɓa ya ce madalla. Ban da wannan ba kalma. Da zagina ya yi da na samu sauƙi.

Laraba, 5 ga Afrilu

Hajj ba mugu ba ne, wannan ma wani abin haushi ne, ba wanda zan tsana. Da kansa ya kai Baba asibiti a Sabha. Likita ya haska idon ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiya ce ta mutu, na hagu ya tafi, na dama yana bin sa.

Na sami Hajj a gindin dabino na roƙe shi. Na ce a bar shi a ɗakina, kwanona ya ishe mu biyu, zai iya rufe bakin harsashi, zai iya korar tsuntsaye. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce bindiga ba za ta sake shiga hannunsa ba, kuma ba zai je ya rantse wa hukuma makaho ma'aikacinsa ne ba. In aka kama shi ba takarda, tsare shi za a yi a jefa shi mota kamar buhu. Gara ya tafi da mutuncinsa, da sabuwar riga da bargo da guzuri. Ya ce mutum ya tsufa a cikin danginsa.

Na ce ba shi da dangi. Hajj ya ce kowa yana da dangi. Da gaske yake, shi a duniyarsa haka ne.

An fara girbi.

Litinin, 17 ga Afrilu

Yau Baba ya shigo ɗakin ɗuri, karo na farko tun ranar. Ina aiki na ji sandarsa a bakin ƙofa. Rabe ne ya sare masa ita daga reshen dabino. Na tashi daga kujera, ya ce in zauna, kujerar mai ɗuri ce.

Ya ɗauki ɗaya daga waɗanda na rufe ya zagaya bakinsa da babban yatsa. Ya ce rufina na malalaci ne, gefe ɗaya ya fi tudu, irin wannan a aljihu tsaba za ta zube. Ya tsaya bayana ya ɗora hannunsa kan nawa a kan marufi, ƙarfen rufe bakin harsashi, muka juya tare, a hankali, har ya ce tsaya. Muka yi guda goma haka. Nasa santsi kamar bakin ƙwarya.

Na ce Baba ka yafe mini. Ya ce da na bar yaron nan ya rasa hannu, wannan ne ba zai yafe ba. Sai ya ce, "Amma da ka hwaɗa mini cikin ɗaki ran da na tambaye ka. Sau biyu na tambaye ka, Djibo."

Na ɗauko wani harsashi na sa a marufi.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Mun kai shi tasha ni da Rabe. Babbar mota mai zuwa Agadas ta Gatrun da Dirku, kwana goma in Allah ya kiyaye. Kowa da katifa da rediyo, shi ƙunshi ɗaya da jarkar ruwa. Na sami wani mutumin Madawa mai suna Kalla a cikin fasinja, na damƙa masa shi, ya ce zai kai shi har Konni ya taya shi cigiya a kasuwa. Daga ganin idonsa na san iyakarsa Agadas. Na rubuta sunan Safoura da na mijinta a takarda na sa wa Baba a aljihu, takardar da shi ba zai iya karantawa ba.

Mutum huɗu suka ɗaga shi sama kan kaya. Da motar ta tashi ya ɗaga hannu yana yi mana sallama, amma wajen shagon mai faci ya juya, mu muna ɗaya gefen. Rabe ya yi ta kiran sunansa don ya juyo. Ƙarar inji ta hana.

A hanyar komawa Rabe bai tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Talata, 2 ga Mayu

Hajj ya ce in koma ɗakin Baba, ya fi kusa da aiki. Na ce sai na yi tunani. Jiya na kwashe kayana. Ba don komai ba, nawa yana yoyon rairayi.

An sabunta mini iƙama. A wurin sana'a ba a rubuta lebura ba wannan karon.

Yau na ɗura sittin. Na matsar da teburin kusa da taga, na daina amsa sallama in ina zubi, ko Hajj ne. Na kai allon ga haske, layi shida, duka kai ɗaya. Rufin ya fito santsi, na jera su a akwati jajaye suna sheƙi, na tsaya ina kallonsu. Har na kama kaina ina fito. Ba daɗi na ji ba, kawai dai aikin ya yi kyau.

Sai da aka kira la'asar na tuna yau kwanansu biyar a hanya, suna tsakiyar sahara, kuma tun safe Baba bai faɗo mini a rai ba.

Na rubuta wa Koubra wasiƙa, shafi biyu. Na ce mata na samu ci gaba, na bar taɓo, ina da ɗaki nawa da sana'a a hannu. Na karanta ta sau biyu kafin in liƙe. Ba sunansa a ciki, kuma na liƙe ta haka.